Ranar da Na Riƙe Hannun Baba

Babana masunci ne, amma ba da kamun kifi ya yi suna ba. Daga tashar jiragen Yauri har gangarowa Wara, in aka ce ruwa ya kama mutum, shi ake ƙwala wa kira. Ba ya tambayar ɗan wane ne, ba ya duba zurfi. Riga kawai yake tuɓewa. A wuyansa da ƙirjinsa akwai tabon farcen mutanen da suka ƙanƙame shi a cikin ruwa, kuma ya san mai kowane tabo. Muna yara mukan sa yatsa a kan ɗaya mu ce, wannan fa, Baba? Sai ya ce wannan na wata mai sayar da daddawa ce, ta kusa tafiya da shi lahira, ga ta can yanzu da jikoki.

Ni ma a cikin ruwan na tashi, a wani ƙauye na bakin tafki a ƙasar Ngaski. Ban tuna ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban tuna ranar da na fara tafiya ba. Da na gama sakandare a Yauri, wani malaminmu ya kawo mini takardar neman shiga wata kwaleji a birni mai nisa, inda ake horar da masu kashe gobara da masu agajin gaggawa da masu ceto. Na karanta wa Baba ita yana gyaran kalli, wato ragar da muke shimfiɗawa a ruwa ta kwana. Bai ɗago kai ba.

"Ceto za a koya maka ga birni?" ya ce. "Wane ruwa ag gare su can?"

Inna ce ta sa baki. Ta ce, "Bar shi ya tahi, Malam. Ba ruwa kaɗai ka cin mutane ba."

Baba ya ce to, in tafi in koya musu. Da wasa ya faɗa, amma ni da gaske na ɗauka. Ina da girman kai a lokacin, kuma ban ce ya ƙare ba yanzu.

Watannin farko a kwalejin nan ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Mu shida ne a ɗaki, biyar 'yan birni. Ranar da na buɗe jakata, ƙamshin bandar da Inna ta ƙulle mini ya cika ɗakin, ɗaya ya toshe hanci, ɗaya ya buɗe taga, daga nan sunana ya koma Sarkin Ruwa. In na buɗe baki na ce "mi kac ce", sai su yi ta maimaitawa har a layin abinci. Sun ci bandar tas, ban hana su ba, amma ba wanda ya taɓa ce mini zo mu fita. Na koyi yin shiru. Ranar Asabar kowa yana da gidan ƙanwar uwa ko na aboki da zai je, ni kuwa sai in wanke kakina in shanya, in zauna a kan dakali ina jiran ya bushe. Abin da ya fi damuna shi ne in duba gabas in duba yamma, ba ruwa, sai gini da ƙarar babura. Kewar gida ta yi mini yawa har nakan ji ta a ciki kamar yunwa.

Karatun ma bai ba ni wurin fahariya ba. A aji ana koya mana yadda wuta take cin iska, da irin gobarar da ba a zuba wa ruwa, da yadda ake ɗaga wanda ya yi hatsari ba tare da an motsa wuyansa ba. Wannan duk na iya haddacewa. Filin atisaye ne ya tona mini asiri. Aka kafa dogon tsani a jikin bene aka ce in hau da mesa a kafaɗa, na kai rabi na leƙa ƙasa, na kasa gaba na kasa baya. Sai da aka hau aka sauko da ni, 'yan ajinmu suna tafi. Na haɗiye. Na ce a raina, ku dai bari zangon ceto a ruwa ya zo.

Ya zo a shekara ta biyu. Aka kai mu wani ƙaton kwami na siminti, ruwan ciki garau har ana ganin ƙasansa, yana warin magani. Na yi dariya a fili. Rabin ajin ba su iya iyo ba, masu yi mini tafi a tsani ga su nan sun rungume bakin kwami suna haki. Malamin da ke koyar da mu tsohon ma'aikacin kwana-kwana ne, gajere, mai furfura, ba ya ɗaga murya, usur ɗinsa ke yi masa faɗa. Ya yi mana bayani mai tsawo a ranar farko, ni kuwa ban saurara ba. Me ɗan birni zai gaya mini a kan ruwa?

Ranar gwaji ya sa wani ɗalibi ya shiga wurin zurfi ya yi kamar yana nutsewa, ya kira ni. Kafin usur ya bar bakinsa na faɗa ruwa. Na kamo yaron, na jawo shi, na ɗora shi a baki, ko numfashina bai sauya ba. A karon farko tun zuwana na ga suna kallona da wani ido. Na juya ina jiran yabo.

Malam ya rubuta wani abu a takarda ya ce, "Ka faɗi."

Na ce, "Na faɗi kamar yaya, Malam? Ga mutum nan na fito da shi."

"Ga doguwar sanda a jingine, ga igiya, ga taya mai iyo a rataye. Wanne ka taɓa?"

Na ce waɗannan ai na wanda bai iya ruwa ba ne. Na ƙara da cewa a garinmu in namiji ya tsaya a tudu yana jifa da igiya alhali ɗan'uwansa yana shan ruwa, mata ma sai sun yi masa waƙa. Ban tsaya nan ba, na ce ubana ya fi shekara talatin yana ceto bai taɓa riƙe igiya ba.

Malam bai yi fushi ba. Ya cire usur, ya tuɓe riga, ya sauka cikin ruwan ya ce in zo in cece shi. Na tafi da ƙarfina. Ina isa gabansa ya hau ni. Hannu ɗaya ya shaƙe mini wuya, ƙafafunsa suka naɗe kuguna, ya danna kaina ƙasa ya taka kafaɗata yana neman sama. Tsohon da nake ganin zan ɗaga da hannu ɗaya ya zama buhun gishiri. Na sha ruwan maganin nan har ta hanci. Da ya ga na daina kokawa sai ya sake ni, shi ya jawo ni bakin kwami a gaban kowa.

Ina tari yana sa riga. Ya ce, "Ni da hankalina na yi maka wannan, kuma na san lokacin da zan sake ka. Mai nutsewa na gaske ba ya ganin mutum, tudu yake gani. Iya ruwa fid da kai, ɗan samari." Sai ya durƙusa kusa da ni ya rage murya yadda sauran ba za su ji ba. "A garin naku, in ruwa ya ci mutum, gawa nawa ake fitarwa?"

Na tashi na bar wurin ko takalmi ban ɗauka ba.

Ina da yaya, ya girme ni da shekara shida. Ina aji biyu a sakandare abokinsa ya faɗa ruwa suna cirar kalli, raga ta harɗe masa ƙafa, yayana ya bi shi. A rana ta uku aka same su tare, hannun abokin a wuyan yayana, da ƙyar aka raba su. Kaburburansu na jere. Kuma ba su kaɗai ba ne, a maƙabartarmu akwai irin wannan jeri: wa da ƙane, uba da ɗa, maƙwabci da maƙwabci. Duk tsawon shekarun nan abu ɗaya Baba yake faɗa in an ambaci yayana, cewa ya yi mutuwar maza. Da wannan maganar gidanmu ya rayu. Da ita Inna ta iya komawa bakin murhun banda, da ita ni ma nake takawa da ƙafa biyu. A kan dakalin nan, da jiƙaƙƙen wando, na fara tunanin abin da ban taɓa yarda ya shigo kaina ba: a cikin kwalekwalensu ranar akwai gorar tuƙi, akwai igiya.

Ba ni da wanda zan gaya wa. 'Yan ɗakinmu ba su san ina da yaya ba. Na kira Inna a waya, ta tambaye ni ko ina cin abinci, na ce ina ci.

Na koma wurin Malam bayan kwana biyu na ba shi haƙuri, na sake zangon daga farko kamar wanda bai taɓa ganin ruwa ba. Na koyi tsarin da na raina. Ka fara da murya, ka kira mutum ya san an gan shi. Ka miƙa masa abu. In bai kai ba, ka jefa masa abin da ke iyo da igiya a jiki. In akwai jirgi, ka je da jirgi. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, kuma ko ka shiga, ka sa wani abu tsakaninka da shi, ka zo masa ta baya. Na yi ta jifa da igiya a filin ƙwallo ni kaɗai ranakun Asabar, ina auna wani tsohon bokiti, har kafaɗata ta saba. Na ci jarrabawar. Ban yi murna ba.

Hutun damina na dawo gida. Baba ya rame, tari ya kama shi tun bazara, in ya ja raga sai ya tsaya ya dafa ƙirji. Ya tambaye ni da dariya ko na koya wa 'yan birni ruwan. Na ce muna dai taɓawa. Na yi niyyar in riƙe bakina har hutu ya ƙare, kuma na kusa cikawa.

Ranar kasuwar Wara ce, da hantsi. Mun fita cirar kalli mu biyu, akwai wasu kwalekwalen garinmu kusa da mu. Iska ta taso, ruwa ya fara tsalle. Wani ƙaramin jirgi ya taho daga tsallake ɗauke da manoman tudu biyu da buhunan dawa, ya yi nauyi har ruwa na lasar bakinsa. A wajen akwai kututturan itatuwan da tafki ya haɗiye tun zamanin kakanni, mu mun san wurarensu. Jirgin ya hau ɗaya ya kife. Matuƙin da ɗaya manomin suka rungume bayan jirgin. Na ukun, wani ƙaton mutum mai ƙirar masu huɗa, ruwa ya ja shi gefe. Bai yi ihu ba, masu nutsewa ba sa ihu. Kansa kawai ke fitowa yana komawa, hannuwansa na dukan ruwa.

Muka tuƙa da sauri. Muna matsowa na ga Baba ya ajiye filafilin tuƙi ya tuɓe riga. Na ga haƙarƙarinsa a fili. Na dubi faɗin kafaɗar mutumin can.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Baba ya ɗaga ƙafa zai taka bakin kwalekwale, na cafke wuyan hannunsa na fizgo shi baya. Ya faɗi zaune a cikin ruwan kifin da ke ƙasan jirgi. Ya yunƙura zai tashi, na sa gwiwata na danne masa cinya. Ubana, wanda ban taɓa miƙa wa abu da hagu ba.

"Sake ni!" ya ce. "Kai, ɗan nan, ka haukace? Mutum na mutuwa!"

Akwai jarkar da muke ɗaura wa kalli don alama, fanko ce, da doguwar igiya a hannunta. Na ɗauka na ƙwala wa mutumin kira na jefa. Iska ta kauce da ita. Kansa ya nutse. Baba ya kai mini naushi a haƙarƙari, ya faɗi wata kalma da bai taɓa faɗa mini ba, ba kuma zan rubuta ta ba. Na naɗo igiyar. Da a ce mutumin bai sake fitowa ba, ban san wane ne zan zama yau ba. Ya fito. Na sake jefawa ta sama da shi, na jawo, jarkar ta bugi ƙirjinsa, ya rungume ta da hannu da ƙafa yadda zai rungumi duk wanda ya je. Na ja shi a hankali zuwa bayan kwalekwale, ina ce masa ya riƙe, ya riƙe kawai. Sai da ya dafa katako ya yi amai ya samu numfashi sannan na ɗaga gwiwata daga cinyar Baba. Sauran jiragen suka kwashi mutum biyun. Ba wanda ya mutu.

A bakin gaɓa mutane sun taru. Da suka ga mutumin kwance a jirginmu sai suka nufi Baba, kamar yadda suka saba, ana sannu da aiki, ana Allah ya ƙara lafiya. Sai suka lura kansa a bushe, ƙirjinsa a bushe, bayan wandonsa ne kawai ya jiƙe. Waɗanda suka gani da ido suka fara raɗa wa waɗanda ba su gani ba. Wani taubashin Baba, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "Yau kam mun ga ceton zamani. Ɗa ya aje uba ya aiki jarka." Aka yi dariya, ba da mugunta ba, amma aka yi. Baba ya ɗauki rigarsa ya ratsa ta cikinsu ya tafi gida.

Washegari dangin manomin suka sauko daga tudu da kaji biyu da ƙwaryar gero. Suka durƙusa a gaban Baba suna godiya. Ya ce, "Ba ni na ba. Ku kai ma mai takarda." Ya shige ɗaki.

Kwana uku bai dube ni ba. Inna ta ce in je in durƙusa, uba uba ne. Na same shi bayan la'asar a gindin mangwaro yana ɗinkin raga. Na durƙusa na ce ya yafe mini hannun da na sa masa, na ce na san ban kyauta ba a gaban mutane. Da gaske nake, har yau in na tuna yadda ya faɗi zaune sai in ji kunya ta rufe ni.

Ya daɗe yana ɗinki. Sannan ya ce, "In an sake, za ka sake?"

Ƙofa ya buɗe mini. Da na ce a'a, da ya ce Allah ya shirya, da gobe mun fita tare. Na san haka sarai a lokacin. Amma na gaji taurin kai a wurin wanda ke tambayar.

Na ce, "Zan sake, Baba. Mutumin nan ya fi ka ƙarfi, kuma ga tarin nan. Da ku biyu za mu fitar."

"Shekara talatin ina shiga."

"Allah ne ya tsare ka."

Nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba. Abin da na ɗauko tun daga dakalin kwaleji ya fito da kansa. Na ce, "Da an samu wanda ya riƙe yaya haka, da yanzu yana nan."

Allurar ɗinkin ta tsaya. Bai daka mini tsawa ba, na so a ce ya yi. Ya dube ni a karon farko cikin kwana ukun, ya yi magana a hankali.

"To ɗana ba mutuwar maza yay yi ba ke nan. Wauta ta kashe shi, ni kuma nik koya mashi ita. Abin da anka koya maka ke nan can?"

Na buɗe baki. Na nemi abin da zan faɗa wanda ba ƙarya ba ne kuma ba zai kashe shi ba, ban samu ba. Ya jira ni, ya jira sosai. Da ya ga shirun ya yi tsawo sai ya naɗe ragar ya tashi.

Na koma kwaleji na gama. Yau ina aikin agaji a wani gari da ba tafki, yawancin kiran da muke samu na hatsarin mota ne da gobarar kasuwa, tsanin ma na saba da shi. In an kawo sababbin ɗalibai koyon aiki, ni ake ba su in nuna musu jifan igiya, kuma ina da zafi a kai, sun sani.

Baba bai sake shiga ruwa don ceto ba. Inna ta ce ba wanda ya hana shi, in an yi kira sai ya zauna, samari su ruga. Ta ce ya daina ambaton yayana gaba ɗaya, ko da maganar da ya saba yi. Na ƙwace masa ita, ban kuma ba shi wata ba. In na je gida da salla yana amsa gaisuwata, yana tambayar aiki, yana sa a yanka mini kifi mai kyau. Bai ƙara ce mini zo mu fita ruwa ba.

Nakan kira Inna duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mukan yi hirar banda da ta jikoki da ta wanda ya yi aure. In mun kusa gamawa sai ta ce, ga Babanka. Ina jin takunta zuwa gindin mangwaro, ina jin wayar ta sauya hannu. Kafin ya yi magana akwai ɗan lokaci da nake jin numfashinsa kawai, da ɗan ƙarar tarin nan, yana shiga yana fita. Wannan nake kira in ji. Sai ya ce, "Lahiya lau. Allah shi taimaka," ya miƙa mata wayar.